Makin da Ba Nata Ba

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin Kaka? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Na san Auta ta riga ni yi miki albishir a waya cewa an ɗaga ta zuwa babban ajin lissafin aljebra, na zaƙaƙuran ɗalibai. Ina jin ki kina ta sa mini albarka, wai na tsaya a kan karatunta. Umma, albarkar nan ban cancance ta ba.

Kin san halina, ba ni da haƙurin koyarwa. Tun tafiyarki, in na dawo aiki ta baje littafinta a teburin cin abinci, sai in yi bayani sau ɗaya, in ga ta zuba mini ido kamar ina yaren aljanu. Can sai hawaye. Ni kuwa in fizge fensirin in warware mata, ta kwafe da hannunta, kowa ya huta. Abin da ya ƙara dagula lamarin, son burga ya sa nake bin gajeriyar hanyar da muka koya a jami'a, wadda su ba a kai su wurin ba. Malaminsu ya gani, ya ɗauka ya yi tsintuwar dami a kala.

Ranar farko a sabon ajin, malamin ajin ya zayyana musu abin da ke gabansu: lissafi mai haruffa biyu har uku da ba a san ƙimarsu ba, zanen layuka masu lanƙwasa kamar gindin kwano, da wasu lambobi da shi da bakinsa ya ce babu su a zahiri, amma dole a yi aiki da su. Kuma a ajinsa a allo ake warware aiki, gaban kowa. Jiya layi ya zo kanta. Ta tsaya da alli a hannu har aka kaɗa ƙararrawa. Ta dawo ba ta ci abinci ba, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, gara a ce zagina ta yi. Ni na kai ta na baro.

Gobe zan je wurin malamin. Ki yi mini addu'a. Faɗan kuwa ki ajiye shi har ki dawo, na san ba zai huce ba.

Ɗanki,
Dogo

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Kaka. Na ji daɗi da aka ce ta fara takawa zuwa bakin ƙofa.

Na samu malamin a ofis yana duba takardu. Na zayyane masa komai. Ya cire tabarau ya dube ni, bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce zama ko komawa tsohon aji, Auta ce za ta zaɓa, ba ni ba, tunda na zaɓar mata abin da ya isa.

Umma, ta ƙi komawa. Ta ce an riga an yi mata dariya a wannan ajin, a nan za ta rama. Sharaɗinta ɗaya: in zauna kusa da ita, amma kada in taɓa fensiri. Yanzu ina kallo za ta tsallakar da lamba ta manta sauya alamar, hannuna na ƙaiƙayi, sai in danne shi a ƙarƙashin cinya har ta gano da kanta.

Sun yi gwaji makon nan, ko rabi ba ta kai ba. Ta zo ta ciccire tsofaffin takardun nan masu cikakken maki da muka manna a ƙofar firij, ta manna takardar wannan gwajin ita kaɗai. Tsofaffin ta jera su tsaf ta miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi, ta ce in adana, ai nawa ne.

Suna cikin aljihun tebur ɗina, Umma. Na kasa zubarwa, na kasa kallo.

Ɗanki mai neman afuwa,
Dogo