Pawar Gwanjo Ta Kama Rigar Baba

Assalamu alaikum Yaya Bukar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Falmata da yara. Ya Legas, ya aiki? Mu nan Gashuwa sai godiya.

Yaya, wani abu ya faru. Kwamfutar wasan ƙwallon nan da nake haɗawa a shago, katin da ke fito da hoton wasan ya cinye kuɗin, sai na sayo pawa, akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, ta gwanjo a Nguru. Ranar Talata Baba ya zauna dab da ita, ya ce, "Kunna mu ga abin naka." Ina kunnawa sai ƙara, tartsatsi ya kama hannun rigarsa. Da tafin hannu na kashe, ina salati. Bai ƙone ba, alhamdulillahi, har dariya ya yi, amma ni tun ranar ko soket na kasa taɓawa.

Don Allah ka nemo mini sabuwar pawa, gara in jira har bayan Sallah. Inna ba ta sani ba, kada ka faɗa mata. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Modu