Ilu Ya Ƙona Mini Ampili

Matameye, daren Laraba

Har yanzu warin ƙonanniyar roba bai bar ɗakina ba.

Da la'asar Ilu, mijin ƙanwata, ya sauko daga Dungu da sababbin lasifikoki biyu a bayan babur, wai mu gwada su da nawa a ji wanda ya fi sauti. Muka fara da nawa, a jikin ampilina, na'urar ƙara sauti. Da aka zo canza waya na ce masa, "Tsaya in kashe ampili, in zare shi daga wuta. Ja a kan ja ake ɗaurawa, baƙi a kan baƙi."

Ya yi dariya. "Haba Yaya, wannan tsoro sai ka ce kunama za ka taɓa!"

Kiɗa na tashi ya fizge wayar. Bakunan wayar biyu suka haɗu, sai tartsatsi, sai hayaƙi, sai shiru. Ampilin da na yi shekaru ina lallaɓawa! Ko haƙuri bai ba ni ba. A gaban Rabi matata ya ce, "Ai dama tsohon kaya ne."

Na kai wa mai gyara kafin magariba. Ya duba ya ce jibi zai tashi. Na ce kada ya yi gaggawa, ya bar shi sai Litinin.

Ranar Asabar ne sunan ɗan Ilu, ya kuma cika wa duk Dungu baki cewa za a sha kiɗa. Ba shi da ampili, da nawa ya dogara. Allah Ya raya jariri. Uban kuwa, ranar sai dai ya tafa wa baƙinsa da hannu.