Maza a Kan Ƙanƙara

Unguwar Karantina, daren Laraba, 12 ga Safar

Yau na ga ikon Allah. Wata biyu ke nan da ɗana Habibu ya sauko daga jirgin ruwa da labarin Kanada, wai akwai maza masu ɗaura wuƙa a ƙasan takalmi suna gudu kan ƙanƙara, kuma sana'arsu ke nan. A gaban maƙwabta na ce ƙarya yake, ko giya ya koyo. Tun ranar bai ƙara cin tuwona ba.

Yau da la'asar ya ce, "Yalla Inna, ɗauko abayarki mu tafi." Ya kai ni gidan Baturen kamfaninsu, aka haska majigi a bango.

La ilaha illallahu! Fili ya fi harabar masallacinmu, duk ƙanƙara, abin da mu muke naɗewa a buhu kar ya narke. Samari ne 'yan wasa, ba a daɗe da haɗa ƙungiyarsu ba, suna korar wani baƙin abu kamar ƙuli-ƙuli da sanduna. Baturen ya ce da farko kowa cinye su yake, yanzu sun kai inda in an ci ka, halas, shi ke nan, sai gida. Wani ya faɗi, baki duk jini, ya tashi ya ci gaba. Ban san na miƙe ina "Bi shi, ɗan nan!" ba.

Habibu sai dariya. Ban ba shi haƙuri a gidan Bature ba. Gobe a ƙofar gida zan ba shi, da ƙarfi, maƙwabta su ji.