Kwalekwalen da Na Sa Aka Fitar Daga Ruwa

Aikin farko yau: duba man mota da iskar taya kafin a fara lodi.

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi mai jirgi,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina rubuto maka daga ɗakinmu na unguwar Al Nahda, a nan ƙasar waje inda nake tuƙin motar kaya. Shekara uku da rasuwarka, sai yau na iya zama in faɗa maka abin da na yi wa kwalekwalenka.

Jiya ƙanina Sani ya turo mini hoton jirgin. Ya tsage daga baki har kusan tsakiya, hannu na iya shiga. Tun da na gani na kasa zama wuri ɗaya. Sau biyu na wuce kwanar da zan sauke kaya a unguwar Deira.

Ni na ce a fitar da shi daga ruwa. Mako guda bayan jana'izarka na kira Sani, na ce a kai shi rumfa, a ɗora a kan duwatsu, a rufe da tamfol. Har a littafina na rubuta, na ja layi alamar an gama. Sani ya ce to, Yaya. Da ya musa mini ma ba zan saurara ba.

Ina tuna yadda kake cika shi da ruwa da rani, ka bar shi a nutse a cikin ciyawar kacalla. Na ɗauka sakaci ne, ban taɓa tambayarka ba. Ashe haka ake hana icen bushewa. Ina ganinka kullum, amma hankalina yana kan titi.

Ina tuna direbobin da ke tsayawa a hanyar Nguru, idanunsu ja saboda doguwar tafiya a filin da ba dutse ba tudu. Ka ɗebe su ka tsallakar da su tsibirin nan mai kanya, ka shimfiɗa musu tabarma, ka gasa musu kifin karfasa. Kana cewa, "Ku bar motar ta huce, ku ma ku huce." Da safe ka mayar da su bakin titi.

A nan, Baba, mutane na tuƙa mota zuwa tafkin garin Hatta don su hau kwalekwalen roba su kafa tanti. Na gani da idona. Tun daga lokacin na cika shafuka da tsari: zango a tsibirinka, rumfa biyu, wurin alwala, wurin ajiye motoci. Kowane shafi da jirginka ya fara. Ina ta tsara masa aiki, shi kuma yana can yana tsagewa saboda umarnina.

Masassaƙi ya ce a toshe tsagar a nutsar da shi ranar Juma'a, ya yi kwana bakwai. Ko icen ya sha ruwa ya haɗe, ko shi ke nan. Maƙwabta har sun fara tambaya ko za a faskara shi. Sani ya ce ba zai taɓa komai ba sai na yi magana, ni kuma yanzu ina tsoron maganata.

Ka yafe mini, Babana. Allah ya haskaka kabarinka, ya ba ka inuwa yadda ka ba matafiya.

Ɗanka,
Habu

Ayyukan gobe:
1. Kai katan goma sha biyu unguwar Hor Al Anz.
2. Sake tambayar manaja maganar hutu.
3. Kiran Sani, in ce masa laifina ne, in kuma tambaye shi abin da shi yake gani.
4. Idan jirgin bai haɗe ba, a bar shi a cikin ruwan. Kada a faskara.