Na'urarku Ba Ta San Ranar Suna Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin amsa kiran waya da ke layinmu a Nassarawa GRA, Kano.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Malam Ɗanjuma, mai ba fulawa ruwa a gidan da ke kallon ofishinku, mahaifin ma'aikacinku Habibu. Sau biyu ina zuwa ƙofarku, mai gadi yana cewa ba a ganinka sai an nema ta kwamfuta. Shi ya sa na rubuto ta jarida, da hannuna.

Na farko, godiya. Habibu yana zaune a Kano yana warware wa mutanen wata ƙasa matsalar kayan da suka saya. Wani kamfanin ƙasar can ne ya ba ku aikin, intanet ta kawo shi har unguwarmu. Ban raina wannan ba.

Na biyu, ranar Asabar matarsa ta sauka lafiya, an samu mace, jikata ta fari. Har yau bakina ya ƙi rufuwa. Sunan kakarta, matata Hajara, za a mayar, wadda ta rasu shekara huɗu ke nan. Tun lokacin ni kaɗai nake cin tuwo a ɗan ɗakina, rediyo ne abokin hirata. Cikin 'ya'yanmu Habibu kaɗai ya rage.

Na uku, ga kukana. Ya nemi hutun ranar suna, na'urarku mai tsara ranakun aiki ta ƙi, wai sai an nema saura kwana goma sha huɗu. Ranka ya daɗe, suna kwana bakwai ne, kuma wa ya san ranar haihuwa kafin ta zo? Abokin aikinsa Bitrus, mutumin Zariya, ya yarda su yi musanyar aiki, nan ma ta ƙi. Shugaban sashensa ya ce daga ƙasar waje ake sarrafa tsarin, ba shi da ta cewa.

Asabar mai zuwa da safe liman zai tambayi uban jaririya. Ba na son in waiga dama da hagu in ga ni kaɗai ne daga gidanmu.

Roƙona biyu ne. Ka sa hannu Bitrus ya zauna masa ranar. Sannan ka gaya wa masu tsarin yadda muke suna a nan, su koya wa na'urar. Za ta iya. Ni ma sai da na haura hamsin na shiga ajin yamma na koyi rubutun nan.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya nuna maka sunan jikokinka kana tsakiyar iyalinka. Goronka yana wurin mai gadi.

Wassalam.
Malam Ɗanjuma, kakan Hajara.