A-kori-kurar Auta

Zuwa ga aminina Guguwa,

Sallama irin ta tsofaffin abokan hanya, da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da jikokin nan naka masu ɓoye maka tabarau. Yaya kunnen? Tun da ƙarar inji ta cinye maka shi, hira da kai a waya ta zama aiki, ina cewa gabas kana amsa yamma. Shi ya sa na koma takarda. Mu nan lafiya lau, uwargida tana gaishe ka. Ƙafa ma da sauƙi, ina nufin wadda ta rage. Ta robar kuwa ba ta taɓa kawo ƙara ba.

Albishirinka. 'Yata Auta za ta sayi mota, sabuwa dal, ba wadda wani ya gaji da ita ba. 'Yar yarinyar nan da kake ɗorawa a kan tayar tirela tana tsala ihu, yau ita ce likitar dabbobin da masu shanu da masu gonaki na bayan duwatsu ba su yarda da kowa ba sai ita. Hanyar can kuwa sunan hanya kawai gare ta, daga laka sai duwatsu sai rafi. Da babur take zuwa, akwatin allurai ɗaure a baya. Daminar bara babur ɗin ya kayar da ita a bakin ruwa, ta dawo gwiwa a kumbure, rabin magungunan ruwa ya tafi da su. Ranar uwarta ko loma ɗaya ba ta iya haɗiya ba. Ashe tun daga nan yarinyar take tanadi shiru-shiru.

Ka san tun da ciwon suga ya sa aka yanke min ƙafar hagu ban cika wuce ƙofar gida ba. Sai ga ta a ɗakina da hantsi, ta ce, "Baba, ɗaura ƙafarka, fita za mu yi. Ni shanu na sani, kai ka san ƙarfe." Wallahi Guguwa, rabon da wani ya nemi sanina a kan wani abu har na manta. Na sa rigata mai kyau.

Wurin sayar da motocin duk gilashi ne, ƙasan kuma santsi har sandata tana zamewa. Mai sayarwar wani dattijo ne mai sanyin murya, kuma ya san aikinsa. Ya nuna mana a-kori-kura mai ƙofa huɗu, mai ja da duka ƙafafunta, ya ce aji uku ake yin ta. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowacce da halinta. Ta ƙasa giyar hannu gare ta, kujerun yadi, daɓen roba wanda za ka watsa wa ruwa da bokiti. Ta tsakiya tana canja giya da kanta, tana da maɓallin da ke kulle ƙafafun baya su juya tare idan ɗaya ta faɗa laka. Ta sama kuwa ta 'yan gayu ce: kujerun fata, rufin gilashi, har da abin ɗumama wa mutum mazaunai. Na ce masa mu namu mazaunan hanya ta riga ta gasa su. Har shi sai da ya dara.

Na sa aka ɗaga motar sama na leƙa cikinta, na ƙwanƙwasa sifirin, na duba inda tankin mai ya kwanta. Na ce a ƙara farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu, a sa bututun shaƙar iska ya hau har gefen rufi saboda rafi, a ɗaura injin jan igiya a gaban bamba don ranar da ba mai turi. A kan taya ne ya kayar da ni. Ni na so masu manyan haƙoran nan, shi kuma ya ce rabin tafiyar Auta a kan kwalta ne, za su yi ta kuka su cinye da wuri, gara masu matsakaitan haƙora. Na auna na ga gaskiyarsa, na sallama. Ita Auta abin da ta roƙa kawai soket a bayan motar don firjin allurai, da murfi mai makulli.

Da aka zo maganar aji, ban ko yi dogon tunani ba na dafa ta ƙasa. Motar daji ai giyar hannu, kai ma ka sani. Auta ta ce mu je gida mu yi shawara. Ni dai na dawo ina jin kaina kamar na sauke kaya a gari mai nisa ba tare da ko faci ba.

Ka gaida mutan gida. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Sannu-Sannu

Zuwa ga Guguwa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata sanyin gwiwar da ka ambata ya sake ka. Na ga amsarka, na kuma ji daɗi da ka goyi bayana a kan giyar hannu. Sai dai ka riƙe goyon bayan naka tukuna, don zance ya canja, kuma raina a ɓace nake rubuta maka.

Mun koma wurin motocin don a rubuta abin da muka tsayar. Duk abin da na zaɓa Auta ta amince, har mai sayarwar ya zo kan aji, sai na ji ta ce, "Ta tsakiya." Na ce ke, ta ƙasa muka ce. Na shiga yi mata karatu, cewa mota mai canja giya da kanta ta malalata ce, direban gaske shi ke gaya wa mota abin da za ta yi, ba ita ke gaya masa ba. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, "Baba, ta ƙasa abin takawa uku gare ta. Ta tsakiya biyu ne, kuma duk ƙafar dama ke taka su."

Kai, Guguwa. Sai da maganar ta yi ɗan yawo kafin ta same ni. Da ta same ni kuwa, ji na yi kamar an tuɓe min riga a tsakiyar kasuwa. Mai sayarwar ya duƙar da kai yana gyara takardun da ba su hargitse ba. Na ɗauki sandata na fita, na tari tasi na dawo gida ni kaɗai. Ashe ba don sanina aka kai ni ba, in ji zuciyata, an kai ni ne a lallashe ni kamar yaron da aka saya wa balan-balan.

Na shige ɗaki na ƙi kula kowa. Uwargida ta kawo abinci ta dire, ta ce, "Girman kai dai rawanin tsiya ne, kuma naka ya fi kanka girma." Ka san bakinta, ba ta tsufa ba ta wannan wajen.

Washegari Auta ta zo ta zauna a bakin gadona, ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma ga alamar za ta bayar ba. Ta ce idan ta wuni tana kokawa da saniya mai naƙuda, hannunta a ciki har kafaɗa, ba ta da sauran ƙarfin da za ta yi tuƙin dawowa, sau da yawa gyangyaɗi take a kan babur. Ta ce direba dole ne ta ɗauka, ko ni ko baƙo. "Kuma ni ban san wani baƙon da ya yi rayuwarsa a kan hanya bai taɓa kwantar da mota ba. In ba ka so, ka faɗa min, in fara cigiya."

Na juya mata baya har ta fita. Kai kaɗai zan gaya wa dalili. Ba fushi ne ya riƙe min baki ba, tsoro ne. Ƙafar nan da aka yanke har yau ina jin ta, wani lokaci har ƙaiƙayi take min. Idan na zauna a gaban sitiyari, na san za ta tashi neman kuloci. In ta yi haka a kan gangare, 'yata tana gefena fa? Wanda ya saba a ce masa gwani, ba ƙaramin abu ba ne ya koma ɗan koyo da furfura.

Ka ba ni shawara, amma kar ka yi min wa'azi, na sha isasshe a gida.

Naka,
Sannu-Sannu

Zuwa ga aminina Guguwa,

Gaisuwa da fatan kowa lafiya. Na ce kar ka yi min wa'azi, sai ka aiko min da zagi shafi guda. Na gode. Inda ka ce raggo ne kaɗai ke mutuwa tun kafin a haƙa kabarinsa, nan ne ya fi yi min zafi, kuma shi ya tashe ni.

A bayan wurin motocin akwai filin gwaji, da tudu da rami da kwatamin laka. Mai sayarwar ya shiga gefena, Auta a baya. Abin da na ji tsoro shi ya faru tun ba a je ko'ina ba: na zo rage gudu, ƙafar roba ta yi tsalle ta danne birki da dukan ƙarfinta. Motar ta kafe, bawan Allah ya kusa sumbatar gilashi. Na ce shi ke nan, a sauke ni. Shi kuwa ya gyara zamansa ya ce duk wanda ya taso daga giyar hannu sai ya yi wannan, har masu ƙafa biyu. Ya ce in janye ta hagu baya in jingine ta da kujera. Na yi haka, muka sake. Muka kuma sakewa. Can sai na ji hannuna ya tuna abin da ya sani, na hau tudun nan na sauko kamar ana zuba mai a kwalba.

Na je likita ya duba idona da ƙafata, na kuma sake jarrabawar tuƙi a layi ɗaya da sa'o'in jikokinmu. Na ci.

Ta tsakiya muka tsayar. Na ƙara mariƙi a bakin ƙofa da matakin hawa, don motar doguwa ce. Launi kuwa uwargida ta ƙwace zaɓen, ta ce ruwan ƙasa, tunda ta san ba wanke ta za mu riƙa yi ba.

Sai ka ji ni in motar ta iso.

Naka,
Sannu-Sannu

Zuwa ga aminina, ɗan'uwana Guguwa,

Ina gaishe ka gaisuwar wanda bakinsa ya ƙi rufuwa. Yaya gida, yaya jikoki, yaya ƙarfin jiki? Allah ya sa kana zaune, don labarin na zaune ne.

Mota ta iso, kuma ba ta ko huce ba aka kira Auta: wata saniya a gonar bayan rafi ɗan maraƙi ya gicce mata, tun safe take fama. An kwana ana ruwa. Muka loda firji da kayan aiki, na kama mariƙi na haye, uwargida tana bakin ƙofa tana ta addu'a kamar za mu ƙetare teku.

Kwalta ta ƙare, laka ta fara. A wani kwari ƙafar baya ɗaya ta nutse tana ta juyi a banza. Na tsaya, na danna maɓallin nan na kulle ƙafafu, na taɓa totur a hankali, sai ga mu mun fito kamar an ɗago mu da cokali. Da muka isa rafi na tarar ya cika ya yi ja. Ban yi gaggawa ba. Na sauka da sandata na bi bakin ruwan, na ga inda yake shimfiɗe yana ƙyalli a kan tsakuwa, na bar inda ya yi shiru, don ka san ruwa mai shiru shi ne mai rami. Na kulle ta a ƙaramar giya, don ko mai canja giya da kanta tana yarda da wannan, na shiga a karkace, ban ƙara wuta ba ban rage ba. Ruwa ya zo har gindin ƙofa. Auta ta damƙe mariƙin ƙofa, ni kuwa zuciyata tsit, ƙafar hagu tana kwance inda na ajiye ta kamar ta san ba da ita ake ba.

Mun isa a kan lokaci. Na tsaya a bakin garke na ga aikin 'yata da idona, abin da ban taɓa gani ba. Ta tuɓe agogo, ta naɗe hannun riga, tana ba ƙarti umarni suna rawar jiki. Ta juya maraƙin a cikin uwarsa, ta jawo shi, ta share masa hanci har ya yi atishawa. Mai gonar ya yi ta zuba godiya. Ya dube ni ya tambaye ta ko ni ne sabon direban. Ta ce, "Direbana ne, kuma babana ne." Na yi kamar ƙura ce ta faɗa min a ido, alhali ko'ina laka.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. A hanyar dawowa, rana ta yi sanyi, mun ƙetare rafin, ina cikin ba ta labarin yadda ake karanta ruwa, sai na ji ba a amsawa. Na waiga. Ta jingina kai da gilashi, baki a ɗan buɗe, laka har gira, tana barci. A kan hanyar da ko buhu aka ɗora sai ya yi ƙorafi. Kai direba ne, ba sai na fassara maka ba. An ba ni takardun yabo a wurin aiki, an yi min kirari a tasha, amma ba wanda ya taɓa yaba tuƙina kamar wannan barcin. Na kashe rediyo, na bi kowane rami a hankali, ban tashe ta ba sai a ƙofar gida.

Uwargida tana gaishe ka, Auta ma ta ce a gaida Baba Guguwa. Zan tsaya nan, gobe da sassafe muna da rigakafi a wata gona, kuma ban duba iskar taya ba.

Naka har abada,
Sannu-Sannu, direban Likita