Sunan da ke jikin filafili

Laraba. Aikin farko: karɓo makullin ɗakin taro wurin tsohon maigadi. Na karɓo.

Zuwa ga aminina Ɗanjuma,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, duk inda ruwa ya kai ka. Rabona da labarinka tun da aka ce ka bi masunta kudu. Lambarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuta a nan shafina na intanet inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

An rufe makarantarmu. Ruwa ya ci rabin filin ƙwallo, ɗalibai suka ragu, aka mayar da sauran cikin Yelwa. Ran Asabar tsofaffin ɗalibai za su taru su kwashe kayan wasanni kafin rufin ya faɗo. Ni aka ɗora wa karanta tarihin, wai ni ne mai rubuta komai a littafi. Tun da aka faɗa mini na kasa zama wuri ɗaya.

Kofunan sun dushe, amma filafilan suna nan. Ka san mu ba a allo ake rubuta gwanayenmu ba. Duk shekarar da aka ciyo wani abu, iyayenmu masunta su kawo filafilin tuƙa jirgi, a sassaƙa sunaye a jiki, a rataye. Na ƙirga tara. Gara ta ci biyu. Namu ko taɓa shi ba ta yi ba, kuma da na so a ce shi ta ci.

Ka tuna gudunmu a kan rairayi idan ruwa ya janye? Malam Tanko, malamin wasanninmu, na bayanmu da usur yana ihu: "Ku ɗaga ƙafa, ba taru kuke ja ba!"

Lokacin rubuta 'yan tseren miƙa sanda, babanka ya tafi da kai kamun kifi har mako uku. Ka dawo an riga an aika da takarda, sunana a gurbinka. Ana gobe tafiya ina taya Inna gyaran kifi ba takalmi, na taka ƙayar ƙurungu. Ka biyo mu rakiya, a mota ka ga diddigena ya kumbura, ka ce: "Mi kaka ɓoyo? Ba ni rigakka, kai zamna." Malam ya juya yana kallon taga.

Kai ka karɓi sandar ƙarshe, ka wuce mutum biyu, muka ci kofi. Ni ina gefe riƙe da takalmanku.

Da muka dawo, takarda aka bi, aka sassaƙa Isa. Har yau 'yan kabu-kabu Barewa suke kirana, ni kuma ina amsawa. Kai dariya ka yi, ka ce: "Barewa mai ɗingishi!" Ko abin ya yi maka ciwo? Na duba littafina na ranar da aka rataye filafilin, in ga ko ka zo. Abin da na rubuta kawai shi ne an yi ruwan sama.

Malam Tanko ya rasu. Bayan Asabar filafilan za su koma sabuwar makarantar, yara su haddace sunana. Sau huɗu na rubuta jawabin, sau huɗu ina tsallake wurin nan. Wannan karon na rubuta shi. Ka yafe mini, ɗan'uwa. Gudunka na riƙe fiye da shekara ashirin.

Allah ya tsare ka a ruwa da tudu, ya jiƙan Malam, ya ba ni bakin faɗa ran Asabar.

Naka,
Isa, mai riƙon takalma

Gobe:
- Gaya wa matata Hajara da yara kafin su ji a bakin wasu.
- Mayar da makulli in na gama.
- Aro wuƙar sassaƙa wurin masu gyaran jirgi.
- Kankare sunana. In auna tukuna, naka ya fi shi tsawo.